Tom Brady

Thomas Edward Patrick Brady Jr. (an haife shi a ranar 3 ga watan Agusta, 1977) tsohon ƙwararren ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka ne, wanda a yanzu yake aikin sharhin wasanni a tashar talabijin ta Fox. Ya buga kakar wasa 23 a gasar NFL a matsayin kwatabak, 20 daga ciki a ƙungiyar New England Patriots, ukun ƙarshe kuma a Tampa Bay Buccaneers. Ya ɗauki kofin Super Bowl sau bakwai, adadin da babu wata ƙungiya a tarihin gasar da ta kai shi, balle ɗan wasa guda. Ya yi ritaya a watan Fabrairun 2023, ya fara sharhi a watan Satumban 2024 bisa kwantiragin shekara 10 da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 375.

Komawarsa talabijin ta jawo muhawara a Amurka ta fuska biyu. Ta farko kan kuɗin ne, ko mai sharhi ya cancanci albashin da ya fi na yawancin 'yan wasan da yake magana a kansu. Ta biyu ta fi nauyi: makonni kaɗan bayan ya fara aiki, Brady ya zama ɗaya daga cikin masu ƙungiyar Las Vegas Raiders, don haka mutum ɗaya yake fassara wa miliyoyin masu kallo gasar da shi kansa yake da jari da buri a cikinta.

Wasan da matsayin kwatabak

Ƙwallon ƙafar Amurka daban yake da ƙwallon ƙafar da aka sani a Afirka da Turai. Da hannu ake yawancinsa, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ne. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi 10. In ya yi haka sai a sabunta masa damar, in ya kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan ƙarshe na fili ya ci maki shida. Kwatabak shi ne jagoran masu kai hari. Shi yake karɓar umarnin koci, ya dubi yadda masu tsaron baya suka jeru, ya canja dabara in da buƙata, sannan ya jefa ƙwallo ko ya miƙa wa mai gudu, duk cikin daƙiƙu kaɗan.

Wasan na tsayawa bayan kowane yunƙuri. Minti 60 ne a agogo, amma yakan ɗauki fiye da awa uku kafin a tashi. Waɗannan tsaye-tsaye su ne suka mai da shi wasan talabijin: akwai gurbin talla, akwai kuma gurbin da mai sharhi zai bayyana abin da ya faru. Shi ya sa tashoshi suka fi son tsofaffin kwatabak a kujerar sharhi, domin aikinsu tun asali karanta fili ne.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Brady a San Mateo da ke jihar Kalifoniya, shi ne auta kuma namiji tilo cikin 'ya'ya huɗu. Ya yi sakandare a Junipero Serra, inda ya haɗa ƙwallon ƙafar Amurka da wasan besbol. A 1995 ƙungiyar besbol ta Montreal Expos ta zaɓe shi, amma ya zaɓi tafiya Jami'ar Michigan. A can ya daɗe a benci. Yana bayan Brian Griese lokacin da jami'ar ta zama zakarar ƙasa a 1997, da ya samu gurbi a 1998 da 1999 ma sai da ya yi ta takara da Drew Henson, wanda ake ganin ya fi shi baiwa. Wasansa na ƙarshe a jami'a shi ne Orange Bowl na ranar 1 ga Janairun 2000, inda Michigan ta doke Alabama da maki 35 da 34.

A zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL na shekarar 2000 sai a zagaye na shida aka kira sunansa. Shi ne mutum na 199, bayan an riga an ɗauki kwatabak shida. Wannan lamba ta bi shi har yau, ita ce sunan da ya sa wa kamfaninsa na shirya fina-finai da kuma wasiƙar da yake aika wa mabiyansa ta intanet.

New England Patriots

Brady bai buga wani abin kirki ba a kakarsa ta farko. A ranar 23 ga Satumban 2001 babban kwatabak na Patriots, Drew Bledsoe, ya ji mummunan rauni a wasa da New York Jets, koci Bill Belichick ya sa Brady, bai kuma sake mayar da Bledsoe gurbinsa ba ko bayan ya warke. A ƙarshen kakar Patriots ta kai wasan ƙarshe da St. Louis Rams. Ana kunnen doki 17 da 17, saura ƙasa da minti biyu, John Madden, wanda ke sharhin wasan a Fox, ya ba da shawarar cewa Patriots ta lallaɓa a tafi ƙarin lokaci, kada ta yi kasada da yaro sabon shiga. Brady ya ja ƙungiyar gaba, Adam Vinatieri ya buga ƙwallon da ya ba su nasara da 20 da 17. Kujerar da Madden ya zauna a ranar ita ce Brady ya gada bayan shekara 22.

Patriots ta sake ɗaukar kofin a kakar 2003 da ta 2004. A 2007 ta ci dukkan wasanninta 16 na kaka, Brady ya yi jifa 50 da suka kai ga ci, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa, sai dai New York Giants ta doke su a wasan ƙarshe. Giants ta maimaita musu haka a kakar 2011. Tsakanin nan ya rasa kusan dukkan kakar 2008 saboda raunin gwiwa da ya ji a wasan farko.

Kofi na huɗu ya zo a kakar 2014 a kan Seattle Seahawks, ya kuma zo da rigima. An zargi ma'aikatan Patriots da rage iskar ƙwallayen da aka yi amfani da su a wasan kusa da ƙarshe da Indianapolis Colts, gasar ta yanke cewa da alama Brady na da masaniya, ta dakatar da shi wasa huɗu. Ya musanta, aka yi ta shari'a fiye da shekara, daga ƙarshe ya yi zaman dakatarwar a farkon kakar 2016. A wannan kakar ce aka yi wasan da aka fi tunawa da shi: Atlanta Falcons na gaba da 28 da 3 a zango na uku, Patriots ta farke, ta ci 34 da 28 a ƙarin lokaci. Bayan ta sha kashi a hannun Philadelphia Eagles a kakar 2017, ta ɗauki na shida a kakar 2018, a kan Rams kamar na farko.

Tampa Bay da ritaya

A watan Maris na 2020 Brady ya bar New England yana da shekara 42. An daɗe ana gardama ko nasarar Patriots tasa ce ko ta Belichick, kakarsa ta farko a Tampa Bay ta ba masu goyon bayansa hujja: Buccaneers ta doke Kansas City Chiefs da 31 da 9 a ranar 7 ga Fabrairun 2021, a filinta na gida. A kakar da ta biyo baya, yana da shekara 44, shi ya fi kowa yawan yadin jifa a gasar, 5,316. Ya sanar da ritaya a ranar 1 ga Fabrairun 2022, ya janye bayan kwana 40. Kakar ƙarshe ba ta yi armashi ba. Buccaneers ta ci wasa 8 ta faɗi 9, Dallas Cowboys ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale. A ranar 1 ga Fabrairun 2023 ya sake sanar da ritaya, wannan karon bai dawo ba.

Ya bar fili da yadin jifa 89,214 da jifa 649 da suka kai ga ci a wasannin kaka, dukansu babu wanda ya kai shi. An ba shi gwarzon gasar sau uku, a 2007 da 2010 da 2017, da gwarzon wasan Super Bowl sau biyar. Ya auri Gisele Bündchen 'yar Brazil a 2009, suka rabu a watan Oktoban 2022. Yana da 'ya'ya uku.

Kwantiragin Fox

A ranar 10 ga Mayun 2022, Brady na nan yana shirin buga wata kakar, shugaban kamfanin Fox, Lachlan Murdoch, ya shaida wa masu hannun jari cewa Brady zai zama babban mai sharhin tashar duk ranar da ya aje wasa. Jaridar New York Post ce ta fitar da adadin, dala miliyan 375 a shekara 10. Fox ba ta tabbatar da shi ba, amma shi kowa ke amfani da shi. In adadin daidai ne, ya zarce duk albashin da Brady ya karɓa daga ƙungiyoyinsa biyu a shekara 23, wanda aka ƙiyasta kimanin dala miliyan 330.

Ba za a fahimci wannan kuɗi ba sai an dubi abin da ya gabace shi. A watan Maris na 2021 NFL ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na kakar 2023 zuwa 2033 ga CBS da NBC da Fox da ESPN da Amazon a kan kimanin dala biliyan 110. Kason Fox kaɗai ya haura dala biliyan biyu a shekara. Tashoshin sun yarda su biya saboda kusan wasan ne kaɗai ya rage da ke tara Amurkawa gaban talabijin a lokaci guda. A 2023, cikin shirye-shirye 100 da aka fi kallo a ƙasar, 93 wasannin NFL ne. Tashar da ke biyan fiye da biliyan biyu a shekara, miliyan 37.5 na mai sharhi bai kai kashi biyu cikin ɗari na kuɗin ba.

Farashin masu sharhi ya riga ya tashi kafin Brady. A 2017 CBS ta ɗauko Tony Romo kai tsaye daga Dallas Cowboys ta ba shi kujerar Phil Simms kusa da Jim Nantz. Romo ya yi farin jini saboda yakan faɗi dabarar da za a yi kafin a yi ta, da ESPN ta nemi janye shi a 2020 sai CBS ta riƙe shi da kusan dala miliyan 18 a shekara, kamar yadda rahotanni suka nuna. Wannan ya zama ma'auni. A farkon 2022 Joe Buck da Troy Aikman, waɗanda suka shafe shekara 20 suna aiki tare a Fox, suka koma ESPN, Al Michaels kuma ya tafi Amazon. Fox ta wayi gari babu manyan muryoyinta, ga Super Bowl biyu na jiran ta cikin kaka uku.

Tashar ta taɓa shiga irin wannan hali. A ƙarshen 1993, tana ƙaramar tasha, ta ƙwace haƙƙin wasannin rukunin NFC daga CBS da dala biliyan 1.58 na shekara huɗu, sannan ta ɗauko John Madden da Pat Summerall don mutane su ɗauke ta da muhimmanci. Albashin Madden a lokacin ya fi na kowane ɗan wasa a gasar. Ɗaukar Brady na bin wannan sawu. Babu wata hujja mai ƙarfi da ke nuna mai sharhi na ƙara yawan masu kallo, domin mutane ƙungiyoyi suke bi, wasan Cowboys zai tara jama'a ko wa ke magana. Abin da Fox ta saya ya haɗa da suna da za ta kai wa masu talla, da fuskar da za ta nuna wa NFL in lokacin sabunta ciniki ya zo. Murdoch da kansa ya ce aikin ya haɗa da zama jakadan tashar wajen abokan cinikinta.

Wanda ya kwana a ciki shi ne Greg Olsen. Tsohon ɗan wasan Carolina Panthers ne, shi aka ba riƙon kujerar a 2022 da 2023 tare da Kevin Burkhardt. Ya yi sharhin Super Bowl na Fabrairun 2023, ya samu yabo daga kusan kowane ɓangare, ya kuma ci kyautar Emmy ta wasanni a 2024. Duk da haka da Brady ya iso sai aka mayar da shi tawaga ta biyu, albashinsa ya ragu sosai. Masu sukar Fox na kawo wannan a matsayin shaidar cewa shahara aka fifita a kan iya aiki.

Fara sharhi

Brady ya huta shekara guda, ya ce yana son ya koyi aikin. Ya fara ranar 8 ga Satumban 2024 da wasan Cleveland Browns da Dallas Cowboys, ƙungiyar da ta rufe masa wasa. Burkhardt ne ke kawo bayanin wasa kai tsaye, Erin Andrews da Tom Rinaldi na gefen fili.

Aikin ya fi yadda ake tsammani wuya. Mai sharhi na da kamar daƙiƙa 15 zuwa 20 tsakanin yunƙuri da yunƙuri, a ciki zai zaɓi abu ɗaya daga motsin mutum 22, ya faɗe shi da harshen da ɗan koyo zai gane, yana sauraron furodusa a kunne, yana kallon hoton da ake maimaitawa, ya kuma yi shiru kafin a sake ɗaukar ƙwallo. Shahara a fili ba ta lamunce wa kowa wannan ba. Joe Montana, wanda Brady ya taso yana kallo, bai wuce kaka ɗaya a NBC ba. Jason Witten ya yi shekara ɗaya a ESPN ya koma wasa. Drew Brees ma kaka ɗaya ya yi a NBC. Waɗanda suka daɗe, irin su Aikman da Cris Collinsworth, sun yi shekaru suna gogewa, Aikman ma daga tawaga ta biyu ya fara.

Brady bai samu wannan sarari ba, daga ranar farko a babbar kujera aka sa shi. Masu bibiyar kafafen watsa labarai sun ce a makonnin farko yana jinkirin magana, yana maimaita kalaman da kowa ya sani, yana kuma kauce wa faɗin laifin ɗan wasa. Sun yarda ya inganta yayin da kakar ke tafiya, musamman idan magana ta zo kan abin da kwatabak ke gani kafin a ɗauki ƙwallo, ko yadda ake tattalin agogo a mintunan ƙarshe. Ya rufe kakar da Super Bowl na ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, inda Eagles ta doke Chiefs da 40 da 22. Mutum miliyan 127.7 suka kalla, adadi mafi yawa da aka taɓa samu zuwa lokacin, ko da yake babu mai danganta hakan da wanda ya yi sharhi.

Hannun jari a Raiders

A watan Mayun 2023 Brady ya cimma yarjejeniya da Mark Davis, mai Las Vegas Raiders, kan sayen wani kaso na ƙungiyar. A NFL sai kashi uku cikin huɗu na masu ƙungiyoyi 32 sun amince kafin a shigar da sabon mai jari. Maganar ta yi wata 17 tana jira. Rahotanni sun ce abu biyu suka riƙe ta, rangwamen farashin da Davis ya yi masa da kuma aikinsa a Fox. A ranar 15 ga Oktoban 2024 aka amince, Brady ya samu kimanin kashi 5 cikin ɗari, abokin kasuwancinsa Tom Wagner ma kusan haka.

Matsalar na cikin yadda ake shirya watsa wasa. Kwana ɗaya ko biyu kafin kowane wasa, tawagar talabijin na zuwa sansanin ƙungiyoyin biyu, ta kalli atisaye, ta zauna da koci da kwatabak da wasu 'yan wasa a ɗaki. A nan ake gaya musu wa ke fama da rauni, wace dabara aka tanada, wane matashi ake shirin gwadawa, bisa amanar cewa ba za a faɗa ba sai wasa ya fara. Wannan zama shi ne abincin mai sharhi. Koci zai iya sakin jiki da Romo, domin ba shi da ƙungiya. Da Brady, mai jari a wata ƙungiyar yake magana.

Saboda haka gasar ta gindaya masa sharuɗɗa tun kafin a kammala cinikin. An hana shi shiga sansanin wata ƙungiya, an hana shi kallon atisaye, an hana shi halartar zaman shiri ko da ta bidiyo. Dokokin da ke kan masu ƙungiyoyi sun hau kansa: ba zai soki alƙalan wasa ko wasu ƙungiyoyi a bainar jama'a ba, ba zai zawarci ɗan wasa ko kocin da ke da kwantiragi a wani wuri ba. Ma'ana a kakar 2024 Fox na biyan mafi tsadar mai sharhi a tarihi, amma shi kaɗai ne a cikin takwarorinsa ba ya shiga ɗakin da ake samun labari, sai dai abokan aikinsa su ba shi.

Sharaɗin alƙalai ya fara gwaji a watan Nuwamban 2024, lokacin da aka kori Brian Branch na Detroit Lions daga wasa da Green Bay Packers, Brady ya ce a iska bai gamsu da hukuncin ba. Gasar ba ta hukunta shi ba, ta ce abin da take gudu shi ne suka mai tsanani ko taɓa mutuncin alƙali. Wannan ya sassauta dokar, amma bai cire tambayar daga zuciyar mai kallo ba: in Brady ya yi shiru kan kuskuren alƙali, ra'ayinsa ke nan ko doka ce ta rufe masa baki?

A watan Janairun 2025 lamarin ya ƙara fitowa fili. Raiders na neman sabon koci, Brady na cikin masu ruwa da tsaki a zaɓen, ɗaya daga cikin waɗanda ake so kuwa shi ne Ben Johnson, mai tsara harin Detroit Lions. A daidai lokacin Fox ta tura Brady sharhin wasan Lions da Washington Commanders, wato yana auna aikin mutumin da ƙungiyarsa ke zawarci a gaban dukkan ƙasa. Johnson ya zaɓi Chicago Bears. Raiders ta ɗauki Pete Carroll a matsayin koci da John Spytek a matsayin babban manaja, shi kuwa Spytek abokin wasan Brady ne a Michigan, sun kuma yi aiki tare a Tampa Bay. Wannan ya nuna kason kashi 5 bai hana Brady faɗa a ji a ƙungiyar ba.

Gasar ta bi hanyar sassauci maimakon tsanantawa. Ta ɗage masa haramcin zaman shiri a makon Super Bowl, sannan kafin kakar 2025 ta ba shi izinin shiga zaman ta bidiyo, haramcin atisaye da shiga sansani dai na nan. Ba a yi nisa ba ƙura ta sake tashi. A ranar 15 ga Satumban 2025, ana wasan Raiders da Los Angeles Chargers, kyamarar ESPN ta nuno Brady zaune a ɗakin masu horar da Raiders, sanye da na'urar da suke magana da juna a kunne. A cikin shirin an ruwaito cewa mai tsara harin ƙungiyar na lokacin, Chip Kelly, na tattauna dabarun wasa da shi sau biyu ko uku a mako, abin da Carroll ya ce an zuzuta. NFL ta ce babu dokar da ta hana mai ƙungiya zama a wannan ɗaki. A ƙarshen makon Brady ya yi sharhin wasan Bears da Cowboys, mako guda bayan haka Bears ta je Las Vegas karawa da Raiders. Johnson ya ce bai damu ba, ba zai faɗi abin da bai kamata ba. Bears ta ci 25 da 24.

Masu kare Brady na kafa hujja da irin wannan sakamako. Suna cewa duk abin da ke da amfani yana cikin bidiyon wasanni da kowace ƙungiya ke da shi, koci kuma ba yaro ba ne, ya san abin da zai ɓoye. Suna ƙarawa da cewa yawancin wasannin Fox na rukunin NFC ne, Raiders kuwa tana AFC. Shi kansa Brady ya rubuta a wasiƙarsa ta intanet cewa ba ya ganin wani karo tsakanin ayyukan biyu, ya ce masu zargin rashin yarda ne ya yi musu yawa.

Amsar masu suka ita ce an karkatar da maganar. Dabarar wasan Lahadi ƙaramin abu ce in aka kwatanta da sanin mutane: wane mataimakin koci ne ke da kaifin tunani, wane ɗan wasa ne ya gaji da ƙungiyarsa, wa kwantiraginsa ke ƙarewa. Irin wannan sani ake gina ƙungiya da shi, Brady kuma na samun damar hira da manyan gasar kowane mako, damar da babu wani mai ƙungiya da ke da ita. In kuma kociyoyi suka kame bakinsu saboda shi, to masu kallon Fox ne suka yi asara, domin sharhin da za su ji ya ragu. Ta kowace fuska aka duba akwai wanda ke biyan kuɗin raba ƙafar, shi ya sa wasu ke ganin taura biyu ba ta taunuwa.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san wani abu mai kama da haka. Gary Neville na sharhi a Sky Sports yana kuma cikin masu ƙungiyar Salford City. Bambancin shi ne Salford na can ƙasa da gasar Firimiya da Neville ya fi yin sharhi a kai, Raiders kuwa tana cikin gasar da Brady ke sharhinta, tana neman kofi ɗaya da 'yan wasa ɗaya da sauran. Brady ma na da ƙafa a Ingila, tun watan Agustan 2023 yana da ƙaramin kaso a Birmingham City tare da Wagner, kamar yadda yake da kaso a ƙungiyar kwando ta mata ta Las Vegas Aces, wadda ita ma ta Davis ce. Waɗannan ba su tayar da ƙura ba, domin ba ya sharhin wasanninsu.

Dalilin da ya sa gasar ke lallaɓa lamarin ba ɓoyayye ba ne. Masu ƙungiyoyin da suka amince da shigarsa su ne ke raba biliyoyin da Fox ke biya, kuma samun fitaccen ɗan wasan gasar a talabijin kowace Lahadi talla ce gare su duka. Davis ya taɓa fama da ƙungiyar da ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ba tun kakar 2002, don haka yana buƙatar Brady a harkar wasa, ba a matsayin mai zuba kuɗi kawai ba. Fox na buƙatarsa a iska. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke da ribar tilasta masa zaɓi.

An yi ta hasashen cewa zai bar talabijin da wuri ya koma gudanar da Raiders. A watan Janairun 2025 wakilinsa Don Yee ya ce Brady na da niyyar cika shekara 10 ɗin. Kwantiragin zai kai kakar 2033, daidai da ƙarshen yarjejeniyar Fox da NFL, ko da yake gasar na da damar ficewa daga yarjejeniyar bayan kakar 2029. Bisa tsarin karɓa-karɓa tsakanin tashoshi, Super Bowl na gaba da Fox za ta nuna shi ne na watan Fabrairun 2029.